Gilashin da Baba Ya Liƙa a Bayan Bene

Mahaifina magini ne. In ka shigo unguwarmu kana nemansa da sunansa na yanka, sai ka gaji da yawo ba ka same shi ba. Amma ka ce Zai-faɗi, ko mai sayar da gawayi a bakin titi zai nuna maka ƙofarmu. Shekara ashirin da biyu ke nan da aka laƙaba masa sunan, tun ina 'yar shekara tara. Da can in an faɗa sai ya haɗe rai ya wuce. Yanzu amsawa yake yi, har ya ɗaga hannu. Ni ce har gobe raina ke ɓaci, don na san mutumin da yake kafin sunan.

Kafin sunan, shi ne shugaban magina a wurin wani ɗan kwangila, da mutum talatin a ƙarƙashinsa, birkiloli da leburori da masu ɗaurin rodi. Yana da wata 'yar guduma wadda ƙotarta ta yi baƙi don riƙo, kullum tana aljihunsa. In an zuba ginshiƙi ya bushe aka cire katako, sai ya zo ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne kamar mai satar jin gulma. In sautin ya fito tsaf, ya wuce. In ya ji wani ɗan kwaf-kwaf a ciki, to a rushe, ko da kuwa yini guda aka yi ana zuba shi. Leburori kan tsine masa a ɓoye, amma kowannensu in zai gina ɗakin uwarsa shi yake kira ya duba.

Ko gaisuwa aka je, hannunsa ba ya zama. Mama takan ce, "Malam, don Allah ka bar gudumar nan a gida, gidan surukai za mu, ba wurin aiki ba." Sai ya bari, amma da an zauna za ka ga yana ɗan buga bango da bayan yatsa. Ya taɓa gaya wa kawuna, a cikin falonsa, da ruwan kawun a hannunsa bai ko sha ba, cewa barandar gidan ba za ta ga damina uku ba. Ba ta gani ba kuwa. Abin da ya ƙara lalata shi ke nan, don mutumin da bai taɓa faɗar magana ta faɗi ƙasa ba, ba ya koyon riƙe bakinsa.

Sai aka ba ɗan kwangilar aikin bene mai hawa huɗu a mahaɗar babban titi, kusa da tashar mota. An gama harsashi, an fara ɗaurin ginshiƙai, siminti da ƙarfe suka yi tashin gwauron zabo. Ɗan kwangila ya kira Baba gefe ya ce ga yadda za a yi. Takardar injiniya ta ce rodi mai kauri guda shida a kowane ginshiƙi, to a sa sirara guda huɗu. Buhun siminti da ake haɗawa da kwano huɗu na yashi, a kai shi shida. Injiniya sau ɗaya yake leƙowa a wata, shi ma daga cikin mota. Ya ba Baba kwana uku ya yi shawara.

Ina tuna kwanakin nan uku sarai. Baba ya tsuguna a tsakar gida da gawayi, ya zana wa Mama ginshiƙi a kan siminti, ya ɗiga ɗigo shida, ya goge biyu da yatsa. Ya ce ta ɗauka hawa huɗu ne a kan wannan, da mutane, da kaya, da tankin ruwa. Mama tana tsince shinkafa a faranti, ba ta ko ɗago sosai ba.

"Ka tabbata mutane za su mutu?"

"Na tabbata."

"To kada ka sa hannunka. Abinci Allah ke bayarwa, ba ɗan kwangila ba."

Na faɗi wannan don kada a ce shi kaɗai ya yanke. Tare suka yanke, kuma ranar ni kaina, da ƙuruciyata, na ji wani girma a ƙirjina, na ji ubana ya fi na kowa.

Da Baba ya koma ya ce ba zai yi ba, ya tattara kayansa ya fita, da yau labarin daban ne. Amma ɗan kwangila ya yi masa dariya a gaban ma'aikata, ya ce tsufa ne ya fara kama shi da tsoro. Baba ya juyo, ya nuna ginshiƙan da gudumarsa, ya ɗaga murya yadda har masu lodi a tasha suka ji.

"Wannan benen zai faɗi. In bai faɗi ba, kada a ƙara kirana magini."

Baki shi ke yanka wuya. Ƙin aikin daidai ne, ban taɓa shakka ba. Amma ya haɗa gaskiyarsa da alkawarin da ba a hannunsa yake ba, kuma mutum talatin suka zama shaida.

Mataimakinsa, wani da ake kira Dogo, wanda Baba ya ɗauko tun yana jan baro ya koya masa riƙon cokalin gini, shi ya karɓi aikin. Aka zuba da rodi huɗu. Bene ya tashi hawa ɗaya, biyu, uku, huɗu, aka shafe shi, aka yi masa fenti ruwan ɗorawa. Shaguna suka cika ƙasa, ofisoshi suka cika sama, aka ɗora tankuna biyu a kai. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Bene ko gezau.

Ɗan kwangila kuwa bai tsaya zagi ba, magana ɗaya ya saki a cikin 'yan'uwansa, cewa mutumin nan ya iya aiki, amma zai tona maka asiri a gaban leburorinka. Ya isa. Babu wanda ya ƙara ba Baba gini mai hawa. Ya koma gyaran katanga, haƙar masai, toshe yoyon rufi. Muka bar gidanmu mai ɗaki uku muka koma ɗaki biyu a bayan injin niƙa, inda bango ke rawa daga safe zuwa yamma, kofuna na tafiya da kansu a kan kanta. Ni da nake burin karatun jinya, na ƙare a wani ɗaki mai zafi ana koya mini buga takarda.

A shekara ta uku da gama benen Baba ya dawo gida da sauri, har yana tuntuɓe a ƙofa. Ya gano tsaga. A bayan benen, a ginshiƙin kusurwa, sama da tsayin mutum, bayan bututun ruwa, akwai wata siririyar tsaga da ba ta fi gashi kauri ba. Magina suna da dabarar gane ko tsaga tana da rai ko ta mutu. Sai a samu guntun gilashi, a ɗora shi a gicciye a kan tsagar, a liƙe bakinsa biyu da siminti. In ginin yana motsi, ko da kaurin zare ne, gilashin zai fashe. In bai fashe ba, tsagar ta fata ce kawai. Baba ya yanko guntu daga tsohuwar tagarmu, tsawon yatsa biyu, ya je ya liƙa, ya danna babban yatsansa a ɗanyen simintin, ya rubuta shekarar da ƙusa.

Daga nan kowace Asabar da hantsi sai ya ɗauki bokitin ƙarfe ya tafi. Kifa shi yake yi ya taka ya leƙa. Mu a gida ba ma bukatar tambaya, daga yadda ya dire bokitin mun san labari. Amma Mama sai ta tambaya.

"Yana nan?"

"Yana nan."

"To Allah ya bar shi."

"Komai nisan jifa..."

"Ƙasa zai faɗo, mun haddace. Sai dai naka jifan ya samu wuri a sama, har ya buɗe shago."

Da farko da dariya take faɗa, shi ma ya ɗan murmusa. A hankali dariyar ta ƙare, maganar ta rage ita kaɗai.

A shekara ta goma Dogo ya zo a mota. Ya yi ƙiba, shi ma ya zama ɗan kwangila. Ban zarge shi da rashin kunya ba, don har ƙasa ya durƙusa ya gaida Baba, ya ƙi zama a kujera. Ya ce yana da aikin gidaje goma sha biyu, yana son Baba ya riƙa duba masa ma'aikata, ba ɗaukar bulo, ba hawa tsani. Mama tana bayan labule, ina kusa da ita, muna saurare.

Baba ya ce, "Rodi nawa kake sawa?"

Dogo ya sosa ƙeya. "Maigida, duniya ta wuce nan. Kowa haka yake yi, kuma ga su nan a tsaye. Ka ga na mahaɗa ma."

"Na gan shi. Ka gaida gida."

Da motar ta tashi, Mama ta fito ta ɗauke kofin da Dogo ya sha ruwa, ta tsaya da shi a hannu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malam, ranar farko gaskiya ka tsare, na kuma tsaya maka. Amma yanzu ba gaskiya kake tsaro ba. Jira kake benen nan ya kashe mutane, don a ce ka iya gini."

 Baba bai ci abinci ba ranar, washegari ma shayi kawai ya sha. Amma da Asabar ta zo ya ɗauki bokitinsa.

Kamar abin bai isa ba, wata damina mai ƙarfi ta kayar da katangar da Baba ya gina wa wani mai wankin mota. Mai wurin ne ya haƙa kwata a gindinta bayan an gama, kowa ya sani, amma wa ke neman dalili in abin dariya ya samu? Sati guda matasan majalisa suna yi masa kirari in ya wuce. "Ya faɗi, Zai-faɗi, ya faɗi. Sai dai naka ne." Na taɓa tsayawa na wanke su tas, na tuna wa ɗaya wanda ya gina ɗakin da aka haife shi. Suka yi shiru har na sha kwana, sannan na jiyo dariyar ta fi ta da.

Mama ta rasu a shekara ta goma sha biyar. Ciwon ƙoda ne, irin wanda masu hali ke jan rai da shi shekaru, mu kuwa muka ja wata biyar. Ana saura kwanaki, ina shafa mata mai a ƙafafunta da suka kumbura, ta ce mini, "Kada ki riƙe ubanki a zuciya. Abin da ya yi daidai ne. Daidai ɗin ne bai yi mana komai ba." Ban san ko ta yafe masa ne ko ta gaji ba. Ni dai na riƙe shi a zuciya, na daɗe ina riƙe da shi.

Bayan haka aka sayar da benen. Sabon mai shi ya zagaye bayan da katanga, ya sa ƙofar ƙarfe, ya ajiye janareto, ya ɗauki mai gadi. Baba ya je da bokitinsa, mai gadi ya ce masa cikin ladabi ba a shiga. Ya koma sau uku, amsa ɗaya. Idonsa ma a lokacin ya fara yana, sai ya kawo abu dab da hanci yake gani. Bokiti ya koma aikinsa na ɗiban ruwa, Baba kuma ya koma zama a ƙofar gida da guduma a cinya, ba ya ƙwanƙwasa komai.

Ni kuma mijina ya rasu a haɗarin mota, na dawo ɗakunan nan biyu da 'ya'ya mata biyu. Shekara biyu ina yawon neman aiki, takalmina ya san kowane matakala a garin. Da aikin ya zo, sai ya zo da ƙaya. Wani kamfanin jigilar kaya ne ke neman mai buga takardu da ajiyar fayil, kuma ofishinsu yana hawa na uku a benen mahaɗa. Da aka nuna mini teburina, na leƙa taga na ga bututun ruwa, na gane a kan ginshiƙin kusurwa zan zauna.

Kwana uku aka ba ni ni ma in ba da amsa. Ban zana komai a tsakar gida ba. Na dubi 'ya'yana, na dubi tukunya, na yanke. Da yamma na gaya wa Baba. Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

"Uwata, kada ki shiga wurin nan."

"Baba, shekara ashirin mutane na shiga suna fita."

"Rodi huɗu ne. Da idona na gani."

"Mu ma mutum huɗu ne a gidan nan, kuma ba mai ɗaukar nauyinmu. Kai ka zaɓi naka, mun biya. Bari in zaɓi nawa."

Na faɗa ne don ya ji zafi, ya kuwa ji. Kwana tara bai yi mini magana ba. Rana ta goma, Asabar ce, muna yin rabin yini a ofis, ina saka takalmi sai na ji ya yi gyaran murya a bayana. Bai kalle ni ba. Ya ce tun da ma'aikata na shiga ta baya, to in na samu hali, akwai ginshiƙi a kusurwa, bayan bututu, sama da tsayina kaɗan.

Na je. Na taka wani tsohon batir na janareto na leƙa. Gilashin yana nan, ya yi ƙura, gizo-gizo ya yi saƙa a gefe. Na goge da bakin mayafi. Lafiyarsa lau, ko ƙwarzane babu. Ga shatin babban yatsan Baba a siminti, ga shekarar da ya rubuta.

Haka na gaji aikin bokiti. Kowace Asabar in dawo, in tarar da shi a ƙofa ya juyo da kunne wajen takuna, in ce, "Yana nan, Baba." Ya gyaɗa kai ya koma ciki. Shekara guda muna haka, yana ta ƙanƙancewa a idona, wuyan rigarsa na ƙara yi masa faɗi.

Wata rana na dawo na same shi a ɗaki, ba a ƙofa ba. Yana zaune a bakin gado yana juya guduma. Injin niƙa yana ta aiki, bango na rawa. Ban ce komai ba tukuna ya riga ni.

"Uwata, ashe ban iya gini ba."

"Haba Baba."

"A'a, bari in faɗa. Da na yi shiru na zuba, da ba wanda ya mutu. Da kin yi karatunki. Da uwarki ta ga likitan kirki. Ke nan ba wanda na ceta. Ita kaɗai na kashe."

Na sha zaginsa a zuciyata da kalmomin nan daidai, amma da na ji su daga bakinsa sai na ji kamar a tsaga ƙasa in shige. Tausayinsa ya kama ni yadda bai taɓa ba. Sati guda ina juya abin, kuma ba zan ce shaiɗan ne ya ruɗe ni ba, da hankalina na shirya. Na ce tsoho ne, ido babu, ba zai taɓa shiga wurin ba. Me zai rage wa duniya in ya samu yini ɗaya yana mai gaskiya?

Asabar ta zo, na leƙa, gilashi lafiya lau. Na dawo gida na tsaya a gabansa na ce, "Baba, ya fashe."

Ban taɓa ganin fuska ta canja haka ba. Shekaru suka zube daga kanta. Ya miƙe tsaye ba tare da ya dafa bango ba, ya ce, "Alhamdulillahi." Ya yi dariya, ya buga cinya da tafin hannu. "Na faɗa musu. Mutum talatin, na faɗa musu." Ya kama hannuna yana tambaya, a miƙe ya fashe ko a karkace? Na ce a karkace. Ya ce yauwa, haka nauyi ke yi, daga sama yake dannawa. Ya juya wajen labule ya buɗe baki, na san Mama zai kira, sai ya tuna.

A nan dariyar ta tsaya. Ya saki hannuna. Ya ce a hankali, "Na ce alhamdulillahi?"

Ya juyo gare ni ya sake cewa:

"Kina hawa na uku, na ce alhamdulillahi."

Ya koma ya zauna. Murnar da na shirya masa ta yini ɗaya, ko minti biyar ba ta yi ba. Na yi gudun gara na faɗa gidan zago, na kuma ja shi muka faɗa tare.

Ranar Litinin ya tare ƙofa ya ce ba zan fita ba. Na raɓa ta gefensa na wuce. Ya bi ni da sandarsa har mahaɗa, ya shiga shagunan ƙasa ɗaya bayan ɗaya yana roƙonsu su kwashe kaya. Mai sayar da taya ya ce, "Zai-faɗi, yau kuma da sassafe?" Ya je ofishin masu duba gine-gine, aka ba shi kujera da ruwan sanyi, aka ce za a turo mutum. Ba a turo ba. Wanda ya yi shekara ashirin yana faɗar magana ɗaya, ranar da ya zo da ita da kuka ma ba ta zama sabuwa ba. Manajanmu ya kira ni ya rufe ƙofa, ya ce yana ganin girman tsoho, amma in ya ƙara tsorata masu haya, wakilin mai bene zai sa a sallame ni.

Da yammar nan na durƙusa a gaban Baba na faɗa masa gaskiya. Na ce ƙarya na yi, gilashi bai fashe ba, tausayi ne ya sa ni. Ya saurare ni har na gama, ya ɗora hannu a kaina.

"Na sani, Uwata. Aikinki kike tsoro. Ni ma an taɓa ba ni wannan zaɓin, ban ga laifinki ba."

Na rantse, ya ce kada in rantse a kan abinci. Na ɗauko hoto a waya na kai masa dab da ido, ya ce hoton bara ne. Da na rasa yadda zan yi, na roƙi mai gadi, na gaya masa komai, ya ji tausayina ya buɗe mana ranar Lahadi da rana, lokacin ba kowa. Mu biyu muka tallafi Baba ya taka batir. Ya miƙa hannu bayan bututu yana lalube har ya samu. Na ga yatsunsa sun bi gilashin daga wannan baki zuwa wancan, a hankali, sau biyu. Na ga babban yatsansa ya shiga shatin da ya bari a siminti, ya zauna daram. Ya daɗe a haka.

Da muka sauko da shi ya kakkaɓe hannu a riga. Ya ce, "An canja shi. Wannan haɗin ba nawa ba ne."

Mai gadi ya dube ni, na kawar da kai. Mutumin da ke jin ɓoyayyen rami a cikin kankare da kunne ba zai kasa gane yatsansa ba. Ya gane. Amma na ɗanɗana masa abin da ya jira shekara ashirin da biyu, ba zai iya mayarwa ba, ko da kuwa riƙe shi na nufin kullum ya ga 'yarsa ta shiga kabari da ƙafarta. Ni na yi masa wannan, kuma ban ga hanyar gyarawa ba.

Ya daina shiga shaguna, don kada a kore ni. Abin da yake yi yanzu, in na fita da safe sai ya biyo ni a baya, ya tsallaka titi, ya zauna a kan dakalin wani rufaffen shago da ke fuskantar benen. Daga tagar matakala ina hango shi, da hularsa da sandarsa, guduma a cinya. Inuwa takan bar wurin da azahar, shi ba ya bari. Masu shayi sun saba da shi, wani lokaci su miƙa masa kofi. Ba ya ganin tagogi, amma ya ce yana ganin girman abin, wani dogon duhu a cikin haske. Leɓɓansa na motsi yini guda. Ban taɓa tambayarsa abin da yake roƙo ba, don ina tsoron shi ma bai sani ba.

Ni kuma ina sama ina buga takardun kayan mutane. In babbar mota ta wuce tebur ya ɗan girgiza, sai hannuna ya tsaya a kan madannai. Na san gilashi lafiya lau yake, jiya ma na duba. Amma rodi huɗu ne, wannan ba ƙarya ba ce, kuma ba ni da wani wurin zuwa.

Ƙarfe biyar nake saukowa. Tun kafin in gama tsallaka titi yake gane takuna, ya miƙe, ya laluba hannuna ya riƙe gam, ya saki wani dogon numfashi. Wannan na gaske ne, ina ji a tafin hannunsa. Sai mu juya mu kama hanya. Amma kafin mu sha kwanar tasha sai ya tsaya, ya waiga, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo. Sannan ya faɗa, da muryar nan da yake dire bokiti da ita.

"Yau ma yana nan."

Ni kuma in ce abin da Mama ke cewa, don ban san wata amsa ba. "To Allah ya bar shi."

Sai mun kusa ƙofar gida yake cewa amin.